Sabuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar a Maraɗi

Kwamfutar tebur mai ƙarfi, irin wadda ake sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya sannan a harhaɗa ta da hannu, ta samu gindin zama a Maraɗi a wuraren da ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta iya ɗaukar nauyin aikinsu, wato ɗakunan tace bidiyon biki da na waƙa, da shagunan tsara manyan allunan talla, da ofisoshin masu zanen gine-gine, da kuma wajen wasu malamai da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu aikin taswira ko lissafi mai nauyi. Kuɗin da ake zubawa a irin wannan na'ura yakan kai na sabon babur, wani lokaci ma ya ninka shi, don haka ba ƙaramin tashin hankali ba ne a gama ɗaure komai, a danna maɓallin kunnawa, fankoki su juya, fitilu su haska, amma sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mai ita shi ne an sayar masa da mataccen kaya. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne, domin sabuwar kwamfutar da ta ƙi tashi galibi ta cije ne a wani mataki na tsarin da take bi duk lokacin da aka kunna ta, kuma aikin mai gyara shi ne ya gano matakin kafin ya ɗora wa kowane sashe laifi.

Wannan ƙa'ida tana aiki ko'ina a duniya, amma a Maraɗi tana da nauyi na daban saboda hanyar da kayan suke biyowa. Da wuya a sami sassan duka a shago ɗaya: wasu suna zuwa daga Dubai ko Guangzhou ta hannun ƴan kasuwa, wasu daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ko daga shagunan titin Beirut a Kano su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu kuma ɗan uwa ne yake sako su a jaka daga Faransa ko Amurka. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun nuna wa garin yadda wannan hanya take iya tsinkewa dare ɗaya. Takardar garantin da ke cikin kwali tana nan da sunanta, amma kamfanin da zai cika alkawarinta yana wata nahiya. Mai harhaɗa kwamfuta a Faris yana iya mayar da sashen da yake zargi a ba shi wani cikin kwanaki kaɗan, shi kuwa na Maraɗi idan ya yanke wa wani sashe hukuncin mutuwa sai ya sake fitar da kuɗi ya jira makonni, kuma idan hukuncin kuskure ne, sabon zai iso ya tarar da matsalar tana nan daram. Ko aron sashe don gwaji ba shi da sauƙi, domin tsofaffin kwamfutocin ofis da suka cika shagunan gyara ba su da abin da zai shiga sabuwar ƙira.

Abin da ke faruwa bayan danna maɓalli

Tun kafin a taɓa maɓalli, akwatin wuta, wato sashen da ke karɓar wutar bango mai ƙarfin bolt 220 ya mayar da ita tsayayyiyar wuta ta bolt 12 da 5 da 3.3, yana sakin ƴar wuta ta bolt 5 domin madabod, babban allon da dukkan sassa suke dasawa a kansa, ya kasance a faɗake. Maɓallin kansa ba ya ɗauke da wuta mai ƙarfi. Sanarwa kawai yake aika wa madabod, shi kuma ya umarci akwatin wuta ya buɗe sauran layukansa. Idan wutar ta daidaita, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa akwatin yana mayar da saƙon cewa komai ya yi daidai, sai furosesa, sashen da ke yin dukkan lissafi, ta farka ta fara karanta umarnin farko daga wani ɗan guntu da ke manne a madabod. Wannan umarni shi ne BIOS, wanda ya zo tare da kwamfutar IBM ta 1981, kuma ko da yake tsarin UEFI ya gaje shi, masu sana'a har yau da tsohon sunan suke kiransa. BIOS yana gudanar da binciken kai da ake kira POST kamar yadda madugu yake ƙirga ayari kafin a bar zango: ya tabbatar da furosesa, ya duba ram, wato ma'ajin wucin-gadi da kwamfuta take aiki a cikinsa, ya nemi katin hoto, sannan ya nemi faifan da Windows ko Linux yake ciki ya miƙa masa ragama. Wanda bai amsa ba, a kansa tafiyar take tsayawa.

Madabod na zamani ba ya ɓoye inda ya tsaya. Yawancin masu tsada suna da ƙananan fitilu huɗu a gefen dama, an rubuta musu CPU da DRAM da VGA da BOOT, suna kunnuwa bi da bi yayin binciken, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ce take nuna matakin da aka cije. Wasu suna da ɗan allo mai lamba biyu da ake duba ma'anarta a littafin madabod, tsofaffi kuma suna yin ƙara ta wata ƴar lasifika, ana ƙirga ƙarar a gane saƙon. Sai dai fitilar tana faɗin inda aka tsaya ne kawai, ba ta faɗin mai laifi, kuma a nan ne masu gaggawa suke asarar kuɗinsu: fitilar DRAM tana iya tsayawa alhali ram lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ƙarƙashin furosesa ko a cikin BIOS.

Wutar bango

Littattafan da ke zuwa da sassan kwamfuta an rubuta su ne da zaton wutar bango ba ta da aibi, zaton da ba shi da wurin zama a nan. Wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa a Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogara da layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma lokacin da Najeriya ta yanke wutar a farkon Agustan 2023 a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar CEDEAO, har zuwa dawowarta a Maris ɗin 2024, shaguna da yawa sun koma kan janareta da hasken rana. Akwatin wuta na kirki an ƙera shi ya jure wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raguwar ƙarfi ita kaɗai ba kasafai take hana shi tashi ba. Abin da yake wahalar da shi shi ne hawa da sauka na farat ɗaya, irin wanda ake gani idan injin niƙa ko injin walda ko babban famfon ruwa ya tashi a layi ɗaya da shagon, ko idan ƙaramin janareta yana tangal-tangal da nauyin da ya fi ƙarfinsa. A irin wannan hali kwamfuta takan tashi ta mutu ta sake tashi, ko ta kai har Windows sannan ta ɗauke da zarar an ba katin hoto aiki.

Na'urar ajiyar wuta ta UPS, wadda ake saye domin kariya, ita ma takan zama tushen matsalar. Lambar da aka rubuta a jikinta ba wat ba ce, kuma wadda aka rubuta wa 650 abin da take iya bayarwa bai kai wat 400 ba, alhali kwamfuta mai babban katin hoto tana iya jan fiye da wat 600 idan aiki ya yi nauyi. Bayan haka, masu araha daga cikinsu, da wasu injinan juya wutar batir na hasken rana, suna fitar da wuta mai hawa tsani-tsani maimakon mai lanƙwasa sumul irin ta layi, kuma akwai akwatunan wuta na zamani da suke kashe kansu idan suka ci karo da ita. Shi ya sa gwajin farko ya kamata a yi shi kai tsaye a soket ɗin bango a lokacin da wuta take da kyau, ba tare da UPS ko doguwar wayar jona mai kawuna da yawa ba, domin a san ko matsalar a cikin kwamfutar take ko a bayanta. Akwai kuma batun wayar ƙasa, wadda gidaje da shaguna da yawa ba su da ita: idan jikin kwamfuta yana ɗan jan mutum in ya taɓa shi, yawanci alamar rashinta ce, kuma maganin yana hannun mai aikin wutar gida.

Idan an danna maɓalli ba a ga ko motsin fanka ba, binciken bai da tsawo. A duba makunnin da ke bayan akwatin wuta, a duba babbar wayar madabod mai haƙora 24 ko ta shige har maƙallinta ya kama, domin tana da tauri ƙwarai kuma sau da yawa ana barinta rabi da rabi. Ƙananan wayoyin da ke zuwa daga maɓallin gaban kwango, wato akwatin ƙarfen da kwamfutar take ciki, suna da saurin ruɗarwa, kuma ana kauce musu ta hanyar taɓa allurai biyu na kunnawa da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan kwamfutar ta tashi, to laifin na wayar maɓalli ne. Shi kansa akwatin wutar ana iya gwada shi shi kaɗai, a haɗa ramin wayar kunnawa, wadda a da koriya ce, da na wayar ƙasa ta hanyar lanƙwasasshen ƙarfe, sannan a auna layukansa da mita, inda ƙa'idar ATX ta amince da karkatar da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Gargaɗi biyu sun dace a nan. Tsofaffin akwatunan wuta da aka shigo da su daga Amurka wasunsu suna da ɗan jan makunni na zaɓi tsakanin 115 da 230, kuma wanda aka jona a Maraɗi yana kan 115 ƙonewa yake yi nan take. Na biyu kuma, wayoyin da ake cirewa daga jikin akwatin wuta ba a aron na wani kamfani a sa wa wani, domin ko kawunansu sun shiga daidai, jerin wayoyin ciki ya bambanta, kuma kuskuren yana iya ƙona faifai da madabod tare.

A fitar da komai a kan tebur

Matsalar da ta fi yawa, kuma ta fi cin rai, ita ce wadda fankoki suke juyawa amma hoto bai fito ba. Ƙwararren mai gyara ba ya tsayawa leƙe cikin kwango da fitilar waya. Kwance komai yake yi, ya ɗora madabod a kan kwalin da ya zo a ciki, ya bar masa furosesa da abin sanyaya ta, da sandar ram guda ɗaya, da wayoyin wuta biyu, ya cire faifai da fankokin ado da duk abin da ba dole ba ne. Wannan kwancewa tana fitar da laifin da ido ba ya gani, musamman ƙananan ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa tsakanin madabod da kwango, waɗanda idan guda ɗaya ta zauna inda babu rami takan taɓa bayan allon ta haɗa wuta. Tana kuma tona wata mantuwa da ta zama ruwan dare, wato wayar wutar furosesa mai haƙora 8 da ke can saman kusurwar hagu, wadda ake mantawa da ita ko a rikita ta da ta katin hoto saboda kamanninsu. Idan kwamfutar ta nuna hoto a wannan tsiraicin, sai a riƙa mayar da sassa ɗaya bayan ɗaya, ana kunnawa bayan kowanne. Wanda ya canza abu uku lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi bai san abin da ya gyara ba, kuma ranar da ta sake cijewa daga farko zai faro.

Ram ya fi kowane sashe jawo zargi, kuma a kansa ya kamata a fi daɗewa. Sandar DDR4 da ta DDR5 duka haƙora 288 gare su, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya, kuma dannawa da ƙarfi karya rami kawai yake yi. Sandar da ta dace kuwa tana buƙatar dannawa sosai har a ji ƙarar kamawa a ɓangarori biyu, abin da sabon mai harhaɗawa yake jin tsoro saboda gudun ɓarna. A madabod mai ramuka huɗu, sanduna biyu suna shiga rami na biyu da na huɗu idan aka ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda littafi yake kira A2 da B2, kuma saka su a wasu ramukan yakan hana tashi gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da yake kama da mutuwa alhali aiki ne ake yi. A kunnawar farko, madabod yana auna tsawon lokacin da saƙo yake ɗauka tsakanin furosesa da kowane guntun ram, yana gwada saituna har ya sami wanda ya tsaya, kuma a tsarin DDR5, musamman a kan soket ɗin furosesa na AM5 na kamfanin AMD, wannan horon yana iya cin mintuna da yawa, ya ƙara tsawo gwargwadon yawan ram ɗin. Duk tsawon lokacin sikirin baƙi ne, fitilar DRAM tana kunne, fankoki suna ta gudu, wani lokaci kwamfutar ta kashe kanta ta sake kunnuwa. Mutumin da ya saba da tsohuwar kwamfutar ofis mai nuna tambari cikin daƙiƙa biyar yakan zare waya bayan rabin minti, ya sake kunnawa, horon ya koma farko, ya sake zarewa, har ya gamsu cewa kayan sun lalace. Maganin shi ne a kunna, a janye hannu, a ba ta minti goma zuwa sha biyar kafin a ce komai. Idan bayan haka ba ta tashi ba, sai a share saitunan BIOS ta hanyar cire ƙaramin batirin CR2032 na ƴan mintuna bayan an zare wutar bango, ko a taɓa allurai biyun da aka tanada domin haka, sannan a gwada kowace sanda ita kaɗai.

Sabuwar furosesa, tsohon allo

Shigar furosesa cikin soket ba ya nufin madabod ya san ta. AMD ta fito da soket ɗin AM5 a Satumbar 2022 tare da Ryzen 7000, sannan ta fito da Ryzen 9000 a Agustan 2024 a kan soket ɗin dai, kamar yadda Intel ta ɗora ƙarni na 12 da na 13 da na 14 na furosesarta a kan LGA1700 tsakanin 2021 da 2023. Madabod ɗin da aka rufe kwalinsa kafin fitowar sabuwar furosesa yana ɗauke da tsohon BIOS da ba shi da labarinta, sai ya tsaya a fitilar CPU ko ta DRAM. Wannan ya fi shafar kasuwa irin ta Maraɗi, domin kayan da suka daɗe a rumbunan dillalai su ne sukan sauko da farashi har su kama hanyar Sahel, a haɗa su da furosesar da ta fito jiya. Kamfanoni sun tanadi mafita: ASUS tana kiranta USB BIOS FlashBack, Gigabyte tana kiranta Q-Flash Plus, MSI kuma ta sa maɓalli na musamman a bayan allo. Ana sauke fayil ɗin BIOS na ainihin ƙirar allon daga shafin kamfanin, a sa shi a filashin da aka tsara da FAT32, a canza masa suna kamar yadda littafi ya ce, a soka shi a ramin da aka keɓe, a danna maɓalli, fitila ta yi ta ƙiftawa na ƴan mintuna har ta gama, kuma duk wannan ba ya buƙatar furosesa ko ram. Haɗarin ɗaya ne, shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, wanda yake iya barin allon ba tsohon BIOS ba sabo, saboda haka wannan aiki a kan UPS mai cikakken caji ake yinsa. Allon da ba shi da wannan maɓalli kuwa sai an nemo tsohuwar furosesar da ya sani, abin da ya kamata mai saye ya tambaya tun kafin ya biya kuɗi.

A ƙarƙashin furosesa akwai wani wurin da ake yawan samun ɓarna. A soket ɗin LGA1700 allurai 1,700 ne suke tsaye a jikin madabod, a AM5 kuma 1,718, kowace ta fi allurar ɗinki siranta, kuma faɗuwar furosesa daga tsayin yatsa ɗaya ta isa ta kwantar da wasu. Masu gyara suna haska soket da fitila daga gefe, su ɗauki hoto da waya su faɗaɗa shi, domin allurai lafiyayyu suna mayar da haske iri ɗaya a jere, wadda ta lanƙwashe kuwa sai ta yi ƙyalli ita kaɗai ko ta bar ɗigon duhu. Tun da da yawa daga cikin alluran saƙon ram suke ɗauka, lanƙwasar guda ɗaya takan sa ramuka biyu su daina aiki, mutum ya yi ta sayen ram a banza. Ɗaure abin sanyaya fiye da kima, ko ɗaure gefe ɗaya kafin ɗaya, yana haifar da irin wannan alama. Ana iya miƙar da allura da bakin siririn ƙarfe idan hannu ba ya rawa, amma kamfanoni galibi ba sa karɓar irin wannan ɓarna a garanti, shi ya sa buɗe murfin soket a gaban mai sayarwa ya fi kowace takarda amfani.

Batun katin hoto yana farawa da kuskure mai ban dariya da ya ci mutane da yawa, wato soka wayar sikirin a ramin madabod maimakon na katin, alhali furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta, da mafi yawan Ryzen 5000, ba su da sashen hoto a cikinsu sam. Abin da ba na dariya ba shi ne wutar manyan katuna. RTX 4090 da Nvidia ta fitar a Oktoban 2022 yana jan wat 450 kuma kamfanin ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 850, RTX 5090 na Janairun 2025 kuma yana jan 575 da shawarar wat 1,000. Duk wannan wuta ta wata ƴar mahaɗa mai haƙora 16 take bi, wadda aka sami rahotannin narkewarta tun a ƙarshen 2022 a inda ba a tura ta har ƙarshe ba, har aka sake mata fasali daga baya. Dole a tura ta sai ta kama babu tazara, kuma kada a lanƙwasa wayar daf da kanta.

Nauyin waɗannan katuna, wanda yakan kai kilo 2, yana bayyana wani abin da masu gyara suka sani sarai: kwamfutar da ta yi aiki lafiya a shago a unguwar Zariya ko Sabon Gari, aka ɗaura ta a bayan babur zuwa Tibirin Gobir ko Jiratawa, ta isa ta ƙi nuna hoto. Girgizar hanya tana zaro katin daga raminsa da kaurin farce, tana kuma sassauta ram da babban abin sanyaya. Hanyar kauce wa haka ita ce a cire katin a kai shi a kwalinsa, a kwantar da kwamfutar ta yadda madabod zai kasance a ƙasa, a sake danna komai bayan isa. Idan duk da haka ta ƙi, sai zargi ya koma kan wutar sabon wurin, musamman a gari irin Jiratawa inda noman rani yake tafiya da famfunan ban ruwa.

Zafi ba kasafai yake hana sabuwar kwamfuta nuna hoto ba, amma yana kashe ta jim kaɗan bayan tashi. Furosesar Ryzen 7000 tana da iyakar digiri 95, manya na Intel kuma 100, kuma a watannin Afrilu da Mayu da zafin Maraɗi yake haura digiri 40, tazarar da ta rage wa abin sanyaya ba ta da yawa. Ledar kariya da ake mantawa a gindin abin sanyaya, ko famfon mai sanyaya da ruwa da ba a jona wa wuta ba, sun isa su sa ta ɗauke cikin minti ɗaya. Lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, bushewar iska tana tara tartsatsin wuta a jikin mutum, irin wanda ake ji idan an cire rigar roba, kuma abin da bai isa ya ɓata wa mutum rai ba yana iya lalata guntun ram, don haka ake taɓa ƙarfen da ke da haɗi da ƙasa kafin a ɗauki kowane sashe, a kuma riƙe shi ta gefensa.

Idan hoto ya fito amma fitilar BOOT ta tsaya, mafi wuyar aikin ya wuce, domin a sabuwar kwamfutar da ba a sa wa Windows ba hakan daidai ne. Faifan NVMe da bai bayyana ba galibi bai zauna sosai ba ne, ko raminsa yana raba hanya da wasu ramukan SATA, ko kuma saitin VMD na Intel ya ɓoye shi daga mai girka Windows. Tsohon faifan da aka ɗauko daga wata kwamfuta mai tsarin MBR ba zai tashi a UEFI zalla ba sai an mayar da shi GPT ko an kunna CSM, kuma Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana neman TPM 2.0, wanda a sababbin alluna saiti ne kawai a cikin BIOS.

Tashin farko bai isa a ce an gama ba. Furosesar Intel ta ƙarni na 13 da na 14 masu ƙarfi an gano suna lalacewa sannu a hankali saboda neman wutar da ta yi yawa, kamfanin ya fitar da gyara a Agusta da Satumbar 2024, ya kuma ƙara shekara biyu a garantinsu, amma gyaran yana isa ga kwamfuta ne ta sabon BIOS kawai, kuma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Saitin XMP na Intel ko EXPO na AMD, wanda yake ɗaga gudun ram ɗin DDR5 daga 4,800 na asali zuwa lambar da aka rubuta a kwali, shi ne abin da ake kunnawa a ƙarshe bayan Windows ya zauna, domin shi kansa yana iya mayar da kwamfutar cikin duhu, musamman idan an cika ramuka huɗu. Daga nan sai a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana bincikar ram, a rubuta lambar BIOS da saitunan da aka canza a takarda a ajiye cikin kwalin madabod, sannan a ɗora wa furosesa da katin hoto aiki mai nauyi na awa ɗaya ko biyu da rana tsaka, a ɗakin da kwamfutar za ta zauna kuma a kan soket ɗin da za ta riƙa shan wuta.